Diddigen Lajwanti

A Patna, shekarar da Ganga ya cinye matakalar unguwarmu,
Kyaftin Harbottle ya aiko yaronsa da saƙo:
zane goma sha biyu, rufi uku kowanne.
Mai wanki, mai aski, mai tallan ruwa a salka,
na ƙarshe kuma, in ji shi, mai rawa.

Ba ya son aiki irin na kakana.
Ba zinariya a gefe, ba lambu, ba ɗawisu.
Farar takarda yake so a bayan mutum,
kamar an tsamo shi daga cikin danginsa
an shanya a faranti don dubawa.

Na jiƙa ƙaro, na niƙa shuni,
na lashi bakin burushin gashin kurege.

Lajwanti ta zo da hantsi tana mura.
"Rawa 'yar dare ce," ta ce, "kun tashe ta da rana."
Ramzani ya durƙusa gaban tabla,
yatsansa na tsakiya naɗe da tsumma.
Tsoho Bakhshu, da ya shekara talatin bai ga alfijir ba,
ya rungumi sarangi kamar jikan da ya ƙi barci,
ya ce, "Wace waƙa ake zanawa?"

Na ce, "Babu waƙa, Baba. Riƙewa kawai za ku yi."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
"To, a ɗora tukunya, a hana hura wuta,
mu ga wanda zai ƙoshi da sunsunawa."

Ta ɗaga hannu. Ta karya wuya. Ta tsaya.
'Yan ƙararrawa ɗari a kowace ƙafa,
duk suka yi gum kamar an yi rasuwa.
Ƙuda ya sauka a goshinta, ta bar shi.
Inuwar mangwaro ta bar bakin ƙofa ta hau bango,
kafaɗarta na ɓari, tana zagina ƙasa-ƙasa,
ni kuwa ina ƙirga ninkin siket ɗinta
kamar mai bin bashi da ba ya yafewa.

Da Kyaftin ya gani, sai ya sa bakin sandarsa.
A cire tsumman nan. A rage mata shekara goma.
Wannan tsohon fa, ina idonsa?
A daren na ba Bakhshu idanu biyu tas,
abin da ya gagari masu magani har Banaras.
Na warkar da yatsa, na share mura,
na ɗora mata murmushin da ba ta zo da shi ba.
Shi kuma ya yi rubutunsa na hagu a ƙasa.
Yaronsa ya karanta mini. Kalma biyu ce,
ba sunanta a ciki, ba sunan kowa.

Yarana sun kwafe shi sau arba'in tun daga nan.
Kowane kwafi, hancin ya ɗan kauce,
har ranar da uwarta ta gani a shagona
ta tambayi kuɗinsa, ba ta gane ɗiyarta ba.

Na ga rawar, ai. Bikin ɗan fatken gishiri,
fitilu sittin, ƙasa na amsa dugadugai,
tsumman Ramzani ya jiƙe da jini bai sani ba,
Bakhshu na kuka ta bakin tsirkiya.
Ban je da burushi ba.
Ruwan da ke gudu ba a ɗaure shi da igiya.

Amma akwai abin da Kyaftin bai kama ba.
Ran nan, hannun tsohon ya zame sau ɗaya,
tsirkiya ta yi ɗan nishi,
ƙafarta ta amsa kafin ta tuna.
Yanzu zanen na can bayan baƙin ruwa,
a wani ɗaki mai sanyi da ba a kiɗa.
Wanda ya sunkuya sosai, ya dubi diddigen hagu:
tsakaninsa da ƙasa akwai tazarar ƙwayar shinkafa.
Nan na ɓoye rawa.